Mu Uku da Aka Bari a Gaɓa

Wata rana bayan la'asar ina kishingiɗe a zaure, na miƙe ƙafar nan tawa mai ciwo a kan buzu, sai jikata ta shigo da littafinta ta zauna bakin ƙofa inda haske yake. 'Yar babban ɗana ce, wanda bakina ba ya kama sunansa. Ita kuwa tun tana zanin goyo Amarya nake ce mata, ita ma ba ta san ni da wani suna ba sai Ango. Bara ta rubuta jarrabawar fita sakandare, komai ya yi kyau sai lissafi ya kayar da ita, ƙawayenta suka shige jami'ar nan ta garinmu suka bar ta a gida tana zuwa lesin. Ina kallo ta buɗe shafi, ta zaro wayar uwarta, ta danna, ta danna, ta rubuta, ta juya shafi. Ko goshinta bai motsa ba. Ni dai a sanina mai lissafi yakan ɗan ɓata fuska, ya ciji alƙalami, ya kalli rufin ɗaki. Wannan kuwa sai ka ce mai tsince tsakuwa a shinkafa.

Na ce, "Amarya, karanto min wadda kika gama yanzu in ji."

Ta ce, "Da Turanci take, Ango, ba za ka gane ba."

Na ce, "To juya min ita da Hausa, ai ba a Ingila aka yanke miki cibi ba."

Sai ta yi turus. Nan na gane ko karanta tambayar ba ta yi ba. Ta koma ta bi ta da yatsa, da ƙyar ta haɗo min ita: ɗalibai ɗari da talatin za su tafi ziyara, kowace mota mutum goma sha takwas take ɗauka, mota nawa za a nemo? Na ce to nawa kika samu? Ta ce bakwai da ɗigo biyu. Na tashi zaune. Na ce, "Ita wannan ɗigo biyun, taya nawa gare ta? Wane direba ne zai ja ta?" Ta ƙyalƙyale da dariya, ta nuna min shafin jiya, ga irin wannan amsa malamin lesin ya zabga mata jan maki na daidai. Wai shi ya koya musu kada su ɓata lokaci a kan surutun labarin, su tsinci lambobi kawai, in sun ga kalma kaza su raba, in sun ga kaza su tara. Sannan ta faɗi maganar da ta tsaya min a wuya har yau. Ta ce, "Haba Ango, ai lissafi ne, ba da gaske ba ne."

Na yi tsaki har sai da uwarta ta leƙo daga cikin gida. Allah ya sani yarinyar ba ta yi min komai ba. Wanda ya zauna gaban 'ya'yan mutane ya koya musu cewa mutanen da ke cikin tambaya ba mutane ba ne, shi nake jin ƙyamarsa, ban kuwa taɓa ganin fuskarsa ba.

Mu a lokacinmu kafin ka ga ƙofar aji ka riga ka yi lissafi har ka gaji, ba ka ma san sunansa ke nan ba. Garin nan da lugude yake tashi, taɓarya ta amsa wa taɓarya daga wannan gida zuwa wancan, har kana iya gane gidan da aka yi baƙi daga yawan dakan. Ana idar da karatun allo mahaifiyata za ta miƙo min tulu. Randarmu tulu shida take sha, in ƙanena ya biyo ni da ɗan ƙaramin nasa sai in san sawu nawa ya rage min kafin in samu koko, in kuwa na cuci randa da rabin tulu, moɗa ce za ta tona ni da rana tsaka. Daga nan sai tumaki. Mahaifina yakan tsaya gaban tarin harawa a kan rumfa, ya dube ta, ya dubi bakunan da ke ɗaure a turke, ya ce wannan ba za ta kai mu ruwan farko ba sai an rage rago ɗaya. Ba shi da alli, ba shi da takarda, ban kuma taɓa ganin tunkiyarmu ta kwana da yunwa ba. Yammacin Alhamis, jajiberin kasuwa, sai garin ya cika da kukan shanu, Fulani na tafe da sanduna a kafaɗa, matansu da ƙore a ka, mu kuwa muna kan katanga muna gardamar garken wa ya fi yawa. Shi kogi muryarsa daban. Masu wanki na buga tufafi, masunta na kiran juna daga jirgi zuwa jirgi, can ƙasa da gada kuma mai fito na ƙwala kiran masu zuwa hayi. Yanzu ka je bakin kogin nan ba abin da za ka ji sai gurnanin tifofin yashi da hon na manyan motoci. Ruwa kuwa a jarka ake turo mana shi har ƙofar gida, yaro bai san tulu nawa cikinsa yake sha ba.

Makarantarmu ginin ƙasa ce da rufin kwano, ƙararrawarta tsohon wilin mota ne rataye a darbejiya. In aka zo rera biyu sau biyu huɗu, ni ne zakaran aji, muryata har bakin kasuwa. Ka ba ni lambobi tsirara a jere in tara maka su kafin ka rufe baki. Amma da zarar an sa wa lambobin nan riga, an ce wani manomi yana da kaza, ya ba ƙanensa kaza, sai kaina ya ɗaure. Dabarata ita ce dai wadda ake sayar wa jikata yau da sunan lesin, ni kuwa a banza na ƙirƙiro abata: in na ga babbar lamba da ƙarama sai in raba, in sun yi kusa da juna in tara, in miƙa allo kafin kowa. Wani lokaci a dace, in dawo ina hura hanci.

Malaminmu na lissafi mutumin wajen Achika ne, siriri, a keke yake zuwa da ƙafar wandonsa ɗaure da igiya don kada sarƙa ta kama. Yana da bulala, amma a bango take har gizo-gizo ya yi mata saƙa, mu kuwa da ma dukanmu yake yi da ya fi mana sauƙi. In ya rubuta tambaya sai ya juyo ya ce, "Kowa ya ajiye alli. Su wa ke cikin maganar nan? Me ya same su?" Sai ka tashi ka ba da labarin da bakinka kamar ka gani da idonka, ka faɗi abin da ake nema a gare ka, sannan ya yarda ka taɓa alli. Ni a lokacin gani nake yi ɓata lokaci ne kawai irin na manya. Yana tambayar su wa ke ciki, ni hannuna na ƙarƙashin benci na riga na raba.

Wata rana a ƙarshen damina ya rubuta mana: mutum talatin da ɗaya za su haye kogi, jirgi mutum bakwai yake ɗauka, sawu nawa mai fito zai yi? Kafin ya ajiye alli na ɗaga allona. Huɗu, saura uku.

Ya ce, "Sawu nawa na tambaya."

Na ce, "Huɗu, Malam."

"Ka tabbata?"

Na ce, "Bakwai sau huɗu ashirin da takwas. Ko gaban alƙali huɗu ne."

Ya zaga ajin yana duba alluna. 'Ya'yan masunta duk biyar suka rubuta, wasu suka rubuta shirmensu iri-iri, amma huɗu mu uku ne: ni, da ɗan mahaucin da ke zama damana, da wata yarinya 'yar gidan mai unguwa da ke bayana. Su biyun ko tambayar ba su kalla ba, allona suka leƙa don sun san ni ne zakara. Malam ya gyaɗa kai, bai ce daidai ba, bai ce kuskure ba. Da za a tashi ya ce gobe kowa ya zo da wuri, abokinsa mai lambu a hayin kogi ya yi wa ajinmu alkawarin rake.

Washegari ba wanda ya makara, har masu ciwon ciki na kullum sun warke. Mu talatin ne a aji, da shi Malam talatin da ɗaya, amma wallahi ban kawo komai a raina ba, rake kawai nake gani. Kogi ya cika ya batse, ruwan jajir. Mai fiton wani dattijo ne mai furfurar gemu da kafaɗu irin na 'yan dambe, yana tsaye a jirginsa da doguwar gwangwalar da yake tura shi da ita. Malam ya jera mu, ya kamo ni da ɗan mahauci da yarinyar nan ya kai mu ƙarshen layi, wai mu manya ne mu bar ƙanana su fara. Bakwai suka shiga, jirgi ya tafi ya dawo. Bakwai suka sake shiga. Ina ƙirga sawu da yatsu ina haɗiyar yawu. A sawu na huɗu yara shida suka shiga, Malam ya tattare rigarsa ya cike na bakwai. Mai fito ya kafa gwangwala ya tura. Sai da jirgin ya rabu da gaɓa Malam ya juyo ya dube ni, ba fushi a fuskarsa ba dariya, ya ce, "Sawu huɗu ka ce, ga shi an yi. Ku ne sauran. Kada wanda ya motsa daga nan."

Muna gani suka sauka a hayi. Muna gani mai fito ya ɗaure jirginsa, ya nemi gindin wani gawo ya miƙe ƙafa. Muna gani mai lambu ya fito da dami a ka ya zube. Nisan bai kai ya ɓoye mana komai ba, har ƙarar karya raken iska na kawo mana. Rana ta take, yashi ya fara cin tafin ƙafa. Yarinyar nan ta fashe da kuka, ɗan mahauci ya ce in muka koma gari sai ya fasa min baki, na ce wa ya aike ka leƙen allona. Ni ban yi kuka da wuri ba. Tsayawa na yi ina kallon mu ukun, ina tuna yadda na rubuta mu jiya a gefen allo, 'yar ƙaramar lamba da ko kallo na biyu ban yi mata ba. Ashe ukun nan suna da ƙafafu, suna jin zafin yashi, ɗaya ma tana kiran innarta. A nan ne hawaye ya zo min, na kunya ya fi na rake yawa.

Ban san tsawon lokacin da muka yi ba, a wurina dai shekara ce. Can sai muka ga mai fito ya tashi, ya kwance jirgi, ya taho shi kaɗai. Da ya iso bai bar mu mun shiga ba, ya tokare jirgin da gwangwala nesa kaɗan da gaɓa. Ya ce, "Wane ne mai lissafin a cikinku?" Suka nuna ni tun kafin ya rufe baki. Ya ce, "Yaro, tun ina saurayi nake fito a kogin nan, ban taɓa jin an ce wa ɗan mutum saura ba. Ko mutum ɗaya ya rage a gaɓa, sawu ne. Yanzu sawu nawa na yi?" Na ce biyar. Ya ce bai ji ba, kunnensa na da ruwa. Na faɗa da ƙarfi har 'yan hayi suka ji suka kwashe da ihu. Da muka haye ba abin da ya rage sai saman rake, wajen da ba zaƙi, shi muka tsotsa. Da labari ya kai gida, mahaifina ƙwan zabi ya zuba a ƙwarya ya ce in kai wa Malam in ce ya gode. Yau malami ya gwada haka, uban yaro zai zo da 'yan sanda, uwar kuma ta ɗauki hoto ta watsa wa duniya.

Daga ranar ban sake taɓa alli ba sai na ga mutanen da ke cikin tambaya. Ban yi nisa a boko ba, birkila na zama har ƙafa ta hana ni hawa tsani, amma duk gidan da na gina a garin nan ba wanda na bari da giɓin bulo uku a bango na ce wa mai shi ai saura ne.

To wannan ne mutumin da jikarsa ta kalla ta ce lissafi ba da gaske ba ne. Da ubanta ya dawo daga shagonsa na bakin titi ya zo gaishe ni, na ce ya cire ta daga lesin nan. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ai lesin ma don kada ta zauna haka ne. Na riga na yi mata rajista a wata makaranta can cikin ƙauye. Ana taimakawa a wurin." Na ce wane irin taimako? Ya ce ranar jarrabawa akan rubuta musu a allo. Taimako! Kalmar da muka sani ta ɗaga wa tsohuwa kaya, ta fito da jakin maƙwabci daga taɓo, yau ita aka ɗauka aka yafa wa sata. Har da sunan gayu ake kiran irin wurin, wai santa, wato cibiyar jarrabawa. Na ce, "Kayan aro ba ya rufe katara. Yarinyar nan tun tana rarrafe take bina wurin gini, cewa take yi injiniya za ta zama. Benen da za ta gina da amsar allo, kai za ka kwana a ƙarƙashinsa?" Ya ce, "Baba, zamani ne ya zo da haka, kowa yi yake yi. Ni dai wannan ne na ƙarshe. In ta sake faɗuwa ta haƙura da jami'a, ta zauna ta taya uwarta ɗinki." Ya yi min sai da safe ya shige. Labarin fiton nan kuwa ya ji shi a bakina ya fi a ƙirga, tun yana yawo ba wando.

Tun da rajista ta riga ta wuce, sai na ce ba a fafe gora ranar tafiya, bari in yi abin da zan iya. Kullum bayan la'asar Amarya ta zo zaure, wayar uwarta ta shiga ƙarƙashin hulata, in ajiye mata ƙwaryar 'ya'yan tsamiya a gaba don ƙirga. Turancina bai wuce na sayen siminti ba, wannan kuwa ya yi mana rana, don dole ta juya min kowace tambaya da Hausa har in gane. In ta kasa ba ni labarin, ba ta taɓa alƙalami. Kwanakin farko kuka ta yi ta yi, ta ce na tsufa da mugunta, za ta sake ni ta auri mai mota. Na ce ki fara nemo mai tuƙa ɗigo biyun. In ta ce min bari mu ce wannan eks ne, sai in ce, "Shi Eks ɗin ɗan gidan wa ne? Akuya ce ko buhu?" Sai ta faɗa min yawan awakin ne, sannan in bar shi ya zauna a zaurena. Muka zana ɗakuna a ƙasa, muka cika randa da kofi muna duba agogo, na sa ta auna zauren nan da igiya ta faɗa min bulo nawa ya ci, ta kuskure da yawa, ta sake, ta kuskure da kaɗan. Wata rana ubanta ya shigo ya yi tuntuɓe da ƙwaryar, 'ya'yan tsamiya suka watse, ya ce, "Baba, wannan wasan yaran dai."

Inda abin ya fi ƙarfina sai na tura ta wurin wata malamar jami'a da ke haya a layinmu, Kirista ce 'yar kudancin Kaduna, mace mai kirki da ba ta wuce ƙofata ba gaisuwa. Ita ta ce min, "Baba, kada ka daina. Suna zuwa mana da takarda mai kyau, ka ce su auna ɗakin da suke zaune a ciki sai su zuba maka ido." A hankali na fara ganin goshin Amarya na motsi. Ta fara cizon alƙalami. Wata rana tana tsakiyar aiki ta ɗago ta ce, "Ango, wannan amsar ba za ta yiwu ba, ya za a yi uba ya girmi ɗansa da shekara huɗu?" Ta soke ta koma farko ba wanda ya ce mata. Ranar na ci tuwo har da ƙari.

Ranar jarrabawar lissafi ban ce mata kada ta kwafa ba. Ina tsoro, gaskiya ce. Na san in ta ƙi allon nan ta faɗi, ni na jawo mata zaman ɗinki, kuma ba ni da bakin da zan kalli uwarta. Da la'asar ta dawo, ko hijabi ba ta cire ba ta zube a bakin ƙofa. Ta ce ana raba takardu wani mutum ya shigo da 'yar takarda a hannu ya hau cika allo, mai gadin jarrabawar kuwa ya fita shan iska. Ajin ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar alƙaluma. Ta ce ita ma ta ɗaga kai, ba za ta yi min ƙarya ba. Idonta ya faɗa kan wata tambaya ta shimfiɗa tayil a ɗaki, kwali nawa za a sayo, ga shi a allo an rubuta goma sha ɗaya da ɗigo huɗu. Ta ce, "Ango, sai na ga ɗakin. Na ga kusurwar da za a bari ba tayil. Na ce wane shago ne zai sayar maka da ɗigo huɗu na kwali?" Ta rubuta goma sha biyu, ta sunkuyar da kai ba ta sake kallon allon ba. Mutumin ya zo kanta ya ce ke kin fi kowa ne, ta ce idonta ne ba ya gani daga nesa. Na juya fuskata bango don kada ta ga abin da ke idona.

Da sakamako ya fito, nata bai fito ba. Na kowa a makarantar nan bai fito ba. Masu duba takardu sun ga amsa iri ɗaya, da kuskure iri ɗaya, tun daga benci na farko har na ƙarshe, suka soke lissafin wurin gaba ɗaya. Ba wanda ya tsaya ya ware takarda guda mai goma sha biyu a cikin tarin. A zamaninmu masu leƙen allo ne aka bari a gaɓa tare da mai kuskure. Yanzu wadda ta ƙi leƙe ita aka bari tare da masu leƙen, mai makarantar kuwa na ji an ce ya sake fenti ya canza suna, iyaye na layi a ƙofarsa. Tir da wannan zamani, na faɗa a zaure, na faɗa a masallaci, ina kuma faɗa a nan.

Kwana biyu Amarya ba ta fito ba, ina jin ƙarar keken ɗinkin uwarta daga cikin gida, ban san ƙafar wa ke kai ba. A na uku ubanta ya zo gaishe ni, ya zauna nesa da buzu. Ya ce, "Baba, ƙaddara ce. Sau biyu na yi, na gama."

Na ce, "Sau biyu, saura ɗaya ke nan."

Ya kawar da kai.

Na ce, "Mu da muka yi kuskure da hannunmu, mai fito ya kwance jirgi ya dawo dominmu. Ita wannan me ta yi? Kai ka yi lissafin, kai ka zaɓi jirgin, ita aka bari a kan yashi. In ka gama, tashi ka shiga ka faɗa mata da bakinka cewa ita ce sauran."

Bai shiga ba. Ya sa takalmansa ya fita, kwana da kwanaki gaisuwa kawai ke haɗa mu, ita ma a tsaye. Sai ran nan bayan la'asar na ga ya shigo zaure, ba lokacin tashinsa daga shago ba, riƙe da ƙwaryar 'ya'yan tsamiyar nan da uwar Amarya ta kife a kan rumfa. Ya ƙwala wa 'yarsa kira. Ta fito da zare maƙale a zaninta. Ya ajiye ƙwaryar a gabanta, bai kalle ni ba, ya ce, "A makarantarku ta da za ki rubuta. Ba allo, ba kowa." Ya juya zai fita, sai ya dawo, ya zaro wayar uwarta daga aljihu ya tura ta ƙarƙashin hulata da kansa.

Yanzu haka tana nan bakin ƙofa tana cizon alƙalami. Ƙawayenta sun ba ta shekara biyu, wasunsu da amsar allo suka haye, kuma ba wanda zai tambaye su. Na san ko ta isa hayi saman rake za ta tarar, na kuwa san ɗanɗanonsa. Ɗazu ta tuna labarin fiton da na ba ta, ta ɗago ta ce, "Ango, wai da mai fiton nan bai dawo ba fa?" Na ce ki yi aikinki, Amarya, ga mai fito can ya kwance jirgi.